Shekarar da Bushiya Ta Shiga Yankari

A watan Maris na shekarar 1983, lokacin da rani ya tsananta, ciyawa ta bushe, ruwa ya janye daga tafkunan daji ya koma kwarin kogin Gaji, ma'aikatan gandun dajin Yankari da ke ƙasar Bauci suka fara cin karo da mushe. Babu alamar harsashi ko kibiya a jikin dabbobin, babu tarko a ƙafarsu. Da aka gama ƙirga abin da aka gano, sai aka sami gawar ɓauna 207, da mugun dawa 20, da gwambaza 8, da mazo 2. Wannan lissafin abin da ido ya gani ne kawai, a dajin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, inda kura da ungulu kan riga mutum isa wurin gawa.

Abin da ya kashe su cutar shanu ce, wadda makiyaya ke kira bushiya. Wata biyu kafin nan ta riga ta shiga gidan ajiye namun daji na Maiduguri, ta kashe dabbobi 21 daga dangin gwanki da barewa. A rugage kuwa abin ya wuce misali, domin an ƙiyasta cewa Nijeriya ta yi asarar shanu kusan miliyan ɗaya a wannan annoba.

Kafin a fahimci yadda ciwo ya yi wa ɓauna irin wannan ɓarna, sai an san yadda take zamanta. Ɓauna dabbar garke ce, kuma ba ta nisa da ruwa. Kusan kullum sai ta sha, don haka duk inda ta yi kiwo da dare da sanyin safiya, lissafinta yana kan mashaya. Wanda ya shiga Yankari da rani a motar yawon gandu, ya bi hanyar da ke gefen Gaji, yakan tarar da su a cikin fadama, wasu a tsaye cikin taɓo har gwiwa, wasu a kwance suna tuƙa. Da jin ƙarar mota sai garken ya ɗago kai gaba ɗaya. Hanci a sama, jiƙe, yana shaƙar iska, domin ɓauna ta fi dogara da hancinta a kan idonta. Kunnuwa manya ne, a zube ƙarƙashin ƙaho, da geza-gezar gashi a bakinsu. Carki na yawo a gadon baya yana tsince kaska, balbela na bin sawu a ƙasa. Za su tsura maka ido na ɗan lokaci ba motsi, sa'an nan wata ta yi huci, a juya a faɗa cikin kurmi, ka bi ƙura da kallo.

Tamu ta Afirka ta Yamma ba ta kai ta kudanci da gabashin Afirka girma ba. Waccan baƙa ce wuluk, bijiminta kan haura kilo 800, kuma gindin ƙahonninsa kan haɗe a goshi ya zama kamar ƙwarya a kife. Tamu ta fi ƙanƙanta, kuma a garke guda za ka ga ja, ka ga mai ruwan ƙasa, ka ga baƙa, musamman tsofaffin maza. Waɗannan tsofaffi sukan ware daga garke su zauna su kaɗai, ko bibbiyu ko uku-uku, suna birgima cikin taɓo don maganin ƙuda da zafi. Su ne maharba suka fi tsoro, kuma duk maharbin da ya san aikinsa zai gaya maka cewa ɓaunar da aka ji wa rauni ta shiga duhuwa ba a binta da gaggawa. Ba banza ba tatsuniyoyinmu suka ba ta ikon rikiɗa ta zama budurwa ta biyo maharbi har gida don ta ji asirinsa. Kakanninmu sun zauna kusa da ita, sun san dabba ce mai wayo da riƙo. Har yau kuma babu wanda ya taɓa mai da ita dabbar gida. Wadda ake noma da ita a Indiya da Masar wani jinsi ne daban.

Abin da ya fi burge ni a halinta shi ne yadda garke ke tsaya wa ɗansa. In zaki ya tunkaro, manya kan yi sahu su sa maruƙa a tsakiya, kuma kukan maraƙi guda kan juyo da garken da ya riga ya gudu. A watan Satumba na 2004 wasu masu yawon buɗe ido a gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu suka ɗauki hoton bidiyon da miliyoyin mutane suka kalla daga baya a YouTube. Zakuna suka kama maraƙi suka faɗa da shi bakin ruwa, kada ya fito ya kama ƙafarsa, aka yi ta ja-in-ja har zakunan suka fizge shi. Suna cikin danne shi sai ga garken ya dawo a dunƙule. Wata ɓauna ta sa ƙaho ta ɗaga zaki ta jefar, sauran suka matso, maraƙin ya miƙe da ƙafarsa ya shige cikin 'yan uwansa. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Herbert Prins, wanda ya daɗe yana bin garkunan ɓauna a bakin tafkin Manyara a Tanzaniya, ya lura da wani abu da ya fi wannan ban mamaki. Da yamma, kafin a tashi kiwo, sai manyan mata su riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ɗaga kai ta fuskanci wata nahiya, ta koma ta kwanta. In lokacin tafiya ya yi, inda mafi yawansu suka fuskanta can garken ke nufa.

To, wannan haɗin kai da ke kare ta daga zaki shi ne ya bayar da ita ga bushiya. Ƙwayar cutar 'yar uwar ƙwayar ƙyanda ce, kuma tana yaɗuwa ta numfashi da majina da yawu da kashi. Dabbar da ke kwana jiki da jiki da 'yan uwanta, tana shan ruwa baki da baki da su a mashaya guda, ba ta da hanyar tsira. Tsofaffin makiyaya sun san yadda ciwon ke tafiya. Saniya ta yi zazzaɓi ta daina kiwo, ido da hanci su riƙa zubar ruwa, baki ya yi gyambo har dasashi, numfashi ya yi wari, daga nan sai zawo mai jini ya tsinke. Cikin mako guda zuwa kwana goma sha biyu an gama. Ga ɓauna kuma murmurewar garke na da wuya, domin tana ɗaukar ciki wata goma sha ɗaya, ta haifi ɗa guda, kuma sai ta kai wajen shekara biyar kafin haihuwar fari.

Mai karatu a Sakkwato zai iya cewa ina ruwansa da abin da ya faru a dajin Bauci. Ruwansa kuwa tsundum.

In ka fita ta Ƙofar Dundaye, ɗaya daga ƙofofi takwas na ganuwar birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, ka gangara wajen fadamar Rima, abin da za ka gani gonaki ne da lambuna da garkunan shanu, har ka kai Dundaye da matsugunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Irin wannan ƙasa, mai ruwa rani da damina da ciyawar fadama, ita ce ainihin abin da ɓauna ke so, kuma a da mazauninta ya ratsa wannan sashe na Afirka tun daga Senegal har Chadi, duk inda aka sami ruwa mai ɗorewa. Yau babu ita a nan. Saniya ce ta gaji wurin, bokolo da rahaji da bunaji. Kuma ta kan saniya labarin ya biyo.

A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar jiragen ruwa ta Massawa, a gaɓar Bahar Maliya, daga cikinsu akwai masu ɗauke da cutar. Shanun Afirka da namun dajinta ba su da garkuwar jiki a kanta. Ta cinye garkunan Habasha, aka shiga yunwar da ta hallaka kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar. Ta yi kudu har ta kai ƙarshen nahiyar cikin shekara goma, ta yi yamma ta bi hanyoyin fatake da burtalin makiyaya. A wurare da dama cikin shanu goma sai ɗaya ko biyu suka tsira, ɓauna kuwa a gabashi da kudancin Afirka saura ƙiris ta ƙare. Wani hafsan sojan Faransa, Monteil, da ya taso daga Senegal zai je tafkin Chadi, ya tarar da annobar tana cin shanu a ƙasar Liptako wajen Dori, kafin ya iso Sakkwato a watan Oktoba na 1891, zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman. Fulani sun riƙa tuna waɗannan shekaru da sunan Sannu. Ta sake dawowa a 1913 zuwa 1914, ta kuma dawowa a 1919 zuwa 1920. Iyalai da yawa da suka zauna gari suka kama noma, asalin zamansu ke nan, garke ne ya ƙare.

Saboda wannan ciwo aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos a 1924. An yi shekaru ana gwada magunguna, wasu suna karewa na ɗan lokaci, wasu kuma su kansu sukan kashe wani kaso na shanun da aka yi wa. Sai a ƙarshen shekarun 1950 wani likitan dabbobi Bature, Walter Plowright, da ke aiki a Muguga ta ƙasar Kenya, ya samar da allurar da ta cika sharuɗɗa: ba ta da tsada, ba ta cutar da dabba, kuma sau ɗaya ake yi saniya ta sami kariya har ƙarshen ranta. A 1961 aka yi taro a Kano aka tsara gangamin haɗin gwiwa da aka sa wa suna JP15, aka fara shi a 1962 a ƙasashen da ke kewaye da tafkin Chadi, wato Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, daga baya ya game ƙasashe fiye da ashirin. Dattawan ruga na iya tuna yadda ake yi. A kafa shinge na itace, a koro shanu su shiga layi, malamin dabbobi ya soka allura, na bayansa ya huda kunne da ƙarfe ya bar alama don kada a maimaita ko a tsallake. Zuwa 1974 bushiya ta ɓace daga Nijeriya.

Daga nan aka yi sake, kuma wannan sake ne ya fi ba ni takaici a duk labarin. Yarjejeniyar ita ce in gangami ya ƙare kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa maruƙan kowace shekara allura, ta kuma sa ido. Kuɗin masu tallafi ya tsaya a 1976, gwamnatoci suka ga ciwo ya tafi, suka mai da hankali wani wuri. Alhali cutar na nan laɓe a wurare biyu, ɗaya a yankin Mali da Muritaniya, ɗaya a kudancin Sudan da Habasha. Shekara kaɗan aka wayi gari yawancin shanun da ke kiwo an haife su ne bayan allura, kunnuwansu lafiya lau ba huda.

A 1980 bushiya ta sake shigowa Nijeriya, kuma ta jihar Sakkwato ta shigo, wadda a lokacin ta haɗa da Kabi da Zamfara. Wannan ya isa gargaɗi. A farkon 1983 wani nau'inta mai tsanani ya shigo ta Barno daga gabas, ya bazu ƙasar nan cikin 'yan watanni, domin makiyayi in ya ga ciwo a maƙwabciyar ruga abin da zai fara yi shi ne ya kora garkensa ya gudu, ba tare da sanin cewa da ciwon yake tafiya ba. Haka ta kai bakin Yankari a daidai lokacin da kowace dabba a gandun ta taru a ruwa guda.

An daɗe ana zargin ɓauna. Mutane da yawa, har da wasu masana, sun ɗauka cewa namun daji ne rumbun cutar, su ke ɓoye ta su mayar wa shanu, don haka ba za a taɓa kawar da ita daga Afirka ba muddin akwai ɓauna a daji. Zargin ba daga sama ya faɗo ba, domin akwai cututtukan da ɓauna ke ɗauke da su ba tare da sun kayar da ita ba, irin su sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa, da wasu nau'o'in ciwon baki da kofato. Amma a kan bushiya an zalunce ta. A Serengeti ta Tanzaniya, da aka yi wa shanun da ke kewaye da gandun allura, ba a taɓa ɓauna ko guda da allura ba, sai cutar ta mutu a cikin namun daji da kanta. Yawan ɓauna ya tashi daga kimanin 30,000 a farkon shekarun 1960 ya haura 60,000 cikin kimanin shekara goma. A Nijeriya ma haka aka gani. Da aka koma allura gadan-gadan, aka kuma ƙaddamar da sabon gangami na Afirka baki ɗaya a 1986, an ga bushiya ta ƙarshe a shanunmu a 1987, kuma ba ta sake ɓulla a namun dajinmu ba. Garken Yankari ya farfaɗo. Makiyayin da ya kai shanunsa layin allura a Gwadabawa ko Illela, bai sani ba, ya taimaka wajen ceton ɓaunar da bai taɓa gani ba.

Ita ma ta rama alherin, ko da yake da ranta ta biya. A shekarun 1990, lokacin da ake ganin an kusa gamawa, wani nau'in cutar mai laushi ya saura a shanun yankin da Kenya da Somaliya da Habasha suka haɗu. Saniya kan ɗan yi zazzaɓi ta warke, makiyayi bai ma lura ba. Amma da wannan nau'i ya taɓa ɓauna sai ta faɗi. A 1994 zuwa 1995 ya kashe fiye da rabin ɓakanen gandun dajin Tsavo a Kenya, a 1996 ya ɓulla a gandun da ke bakin birnin Nairobi. Mutuwarsu ce ta nuna wa likitoci cewa ƙwayar na raye, da kuma inda za a neme ta. Daga nan aka riƙa ɗibar jinin ɓauna ana aunawa: in ƙananan da aka haifa bayan wata shekara ba su da alamar sun taɓa haɗuwa da cutar, to yankin ya tsarkaka. An kuma sami allurar da ke jure zafi, mai yin wata guda ba firji, aka danƙa ta a hannun makiyaya da aka horar suka kai ta inda mota ba ta zuwa. Bushiya ta ƙarshe da aka tabbatar a duniya, a jikin ɓauna aka same ta, a gandun dajin Meru na Kenya, a 2001. A 2011 hukumomin duniya suka yi shelar cewa an kawar da ita daga doron ƙasa, cuta ta biyu a tarihi bayan agana. Plowright bai ji shelar ba, ya rasu a watan Fabrairu na 2010.

Da ciwon ne kaɗai abokin gabar ɓauna, da yanzu ta cika dazuzzuka. Ba haka abin yake ba. A 2019 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta ɗaga matsayinta zuwa jerin dabbobin da ke dab da shiga haɗari, ta ƙiyasta manyan da suka rage a Afirka duka kimanin 400,000, kuma galibinsu a gabas da kudu suke. A nan yamma sai tsibiri-tsibiri. Mafi girman abin da ya rage kusa da mu yana gandun dajin W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka raba, kimanin kilomita 300 yamma da Sakkwato, a bayan garin Gaya na Nijar. An kafa shi a 1954, ɓangaren Nijar ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1996. Yau 'yan bindiga sun yi sansani a cikinsa. A watan Fabrairu na 2022 nakiyoyi suka kashe mutum tara a ɓangaren Benin, yawancinsu ma'aikatan gandu. Yankin tafkin Kainji ma ya shiga irin wannan hali. Kuyambana da Kamuku kuwa, da aka keɓe don namun daji, duk Bazamfare da mutumin Birnin Gwari ya san su wa ke ciki yanzu. Inda mai gadin daji ba ya iya shiga, babu mai ƙirga ɓauna, babu mai hana a harbe ta a ƙyafe naman a kai kasuwa.

Wannan ya sa Yankari ta ƙara daraja. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ta zama ta tarayya a 1991, ta koma hannun jihar Bauci a 2006. Jikokin garken da ya tsira a 1983 na nan, tare da giwayen da suka rage. Matsalarsu a yau mafarauta ne da kuma shanun da ake korowa cikin gandun da rani. Ba zan ɗora wa makiyayi laifin duka ba. An nome burtali, an toshe mashaya, ya duba ko'ina ƙasa ta bushe sai gandu ne kore. Amma duk ranar da saniya da ɓauna suka sha ruwa a wuri guda, kowace na iya ba 'yar uwarta abin da take ɗauke da shi. A Kruger, tarin fuka da ke damun ɓauna har yau daga shanu ya shiga.

Akwai kuma sauran aiki a gidajenmu. Bushiya ta bar ƙanwa, cutar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, wadda aka fara ganowa a Kodebuwa a 1942. Alamunta kusan iri ɗaya ne, allurarta na nan, tana kama wasu namun daji, kuma duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. A ƙasar jar akuya, inda kusan kowane gida daga Ƙofar Dundaye zuwa ƙauyukan bakin iyaka ke da turke, wannan magana tamu ce kai tsaye. In malaman dabbobi sun zo unguwa da allura, a fito da awaki duka, har 'yan ƙanana, kuma a sake fitowa da na baɗi.

Ga gwamnatin Bauci da sarakunan da ke kewaye da Yankari da shugabannin makiyaya, roƙona shi ne a zauna a fitar da mashaya da wurin kiwo a wajen gandun, a kuma biya masu gadin dajin haƙƙinsu a kan lokaci, domin da ransu suke wannan aiki. Kai kuma mai karatu, in Allah ya hore maka kuɗin mota, ka ɗauki yaranka ka kai su. Tsakanin Fabrairu da Afrilu ya fi, lokacin da ciyawa ta kwanta, dabbobi suka taru a bakin Gaji. Ku shiga motar safe.